.375 ko .416: wace bindiga ce ta dace da farautar ɓauna?

Gwanki_77:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya ce gare ni ga masana bindigar farauta. Mutum ne zai je farauta mai lasisi a kwarin Zambezi, ɓangaren Zimbabuwe. Babban abin da ake nema ɓauna ɗaya, sai ƙanana irin su mazo, gadu da jakin dawa idan hali ya yi. Ya saba da .30-06, bai taɓa harba abin da ya fi ta ba. Ya sayi .375 H&H ya tafi da ita ita kaɗai, ko ya haura .416 saboda ɓauna ya haɗa da .30-06 ɗinsa? Wasu kuma suna cewa in ba mai baki biyu ba, ba a shiga ciyawa bayan ɓauna. A taimaka da bayani dalla-dalla.

Sarkin_Baka:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar wacce ta fi, a fara da wacce doka ta yarda da ita. A Zimbabuwe, ɓauna da giwa da dorina sai da harsashin da faɗinsa ya kai milimita 9.2, ƙarfinsa a bakin bindiga kuma ya kai jul 5,300. Zaki da raƙumin dawa milimita 7 da jul 4,300. Damisa, kada da manyan bareyi milimita 7 da jul 3,000. Namibiya ta sa jul 5,400 ga ɓauna da giwa. Tanzaniya kuwa .375, wato faɗin harsashi a awon inci, ce mafi ƙaranci ga dabbobi masu haɗari. To .30-06 ta fita daga zancen ɓauna tun daga nan, ko da mai ita ya fi kowa saiti.

.375 H&H da ƙwaya mai giren 300, wato giram 19.4, tana fita da gudun kusan mita 770 a sakan, ƙarfi wajen jul 5,700 zuwa 5,800. Ta haye duka ƙa'idojin nan uku. Holland & Holland na Landan ne suka fito da ita a 1912, har yau kuma ita ce aka fi gani a sansanonin farauta. Ga wanda ya taso daga .30-06, ni ita zan ce.

MaiSakata98:
Na yarda da Sarkin Baka, in ƙara dalili. Shuri ne matsalar, ba ƙarfin kisa ba. .30-06 mai nauyin kilo 3.6 tana shurin kusan jul 27 a kafaɗa. .375 mai kilo 4 da ɗoriya tana kai jul 50, kusan ninki biyu ke nan. .416 Rigby mai kilo 4.5 tana dosar jul 80, ninki uku. Yawancin mutane suna iya sabawa da ninki biyu cikin 'yan makonni. Ninki uku kuwa shi ke koya wa mutum runtse ido da fizgar kunama kafin harsashi ya fita, kuma in wannan ɗabi'a ta kama hannu, fitar da ita aiki ne babba. Ɓaunar da aka sa wa giren 300 a huhu ba ta zuwa nesa. Wadda aka sa wa giren 400 a tumbi za a wuni ana bin ta.

Dan_Baushe:
Ku yi haƙuri, ni ban ga abin da ake ta kambama .375 ba. Kusan ita ce mafi ƙanƙanta da doka ta yarda da ita, ba ita ce mafi dacewa ba. Namijin ɓauna yana kai kilo 700 zuwa 800, haƙarƙarinsa faffaɗa ne kuma kusan a haɗe suke. .416 tana jefa giren 400 a gudun mita 730, jul kusan 6,900, rami ya fi faɗi, ƙashi ya fi karyewa. In dabba ta juyo ta nufo ka a mita 15 za ka san bambancin.

Sarkin_Baka:
Malam Dan Baushe, gaskiya ne .416 ta fi duka, ba mai musu. Amma ka raba aiki biyu. Aikin baƙo shi ne harbin farko, a tsanake, daga kan sandunan ɗora bindiga, a mita 40 zuwa 80. Tsayar da dabbar da ta taso aikin jagoran farauta ne, shi ya sa yake riƙe da .458 Lott ko .470 ko .500. Doka ma ba ta barin baƙo ya shiga farautar nan ba tare da jagora mai lasisi ba. In baƙo ya sayi bindigar tsayarwa alhali bai iya harbin farko da ita ba, shi ne ya jawo tasowar da yake tsoro.

Dan_Baushe:
To ai ban ce ya sayi .500 ba, ranka ya daɗe. .416 har yanzu bindigar da ake ɗora wa madubin hangen nesa ce, tana kai mita 200 lafiya lau. In yana da niyyar giwa wata rana, gara ya saya sau ɗaya.

Kanki:
A nan kam Dan Baushe yana da magana. In giwa na cikin lissafi, .416 ta fi kwanciyar hankali. Amma mai tambaya ɓauna ya ce.

Injiniya_B:
Bari in gyara wani abu, don ana cewa ".416" kamar abu ɗaya ne. Akwai .416 Rigby ta 1911 da .416 Remington Magnum ta 1988, akwai ma ta Ruger. Ƙwaya ɗaya, gudu kusan ɗaya, amma kwanso daban. Na Rigby ƙato ne, an yi shi haka ne saboda albarushin wancan zamani, kodayit, matsinsa yana hauhawa da zafin rana. Babban kwanso yana barin matsin ya tsaya ƙasa, iyakarsa bar 3,250 (bar awon matsi ne). Remington tana samun wannan gudun ne daga ƙaramin kwanso, da matsi har bar 4,300. Albarushin yanzu bai damu da zafi kamar na da ba, amma a kwarin Zambezi cikin Oktoba zafi yana haura digiri 40, kuma harsashin da aka cika har wuya, aka bar shi a rana cikin mota, yana iya sa sakata, ƙarfen da ake ja a zaro kwanso a tura sabon harsashi, ta yi tauri wajen ɗagawa. Abin da Rigby ke ci maka shi ne tsawo: harsashinta milimita 95 ne, sai dogon gidan sakata, bindiga ta ƙara nauyi, jan sakata ya ƙara nisa. Na .375 H&H da .416 Remington milimita 91 ne.

Gwanki_77:
Na gode ƙwarai. To 9.3x62 fa? An ce shurinta bai kai na .375 ba.

Injiniya_B:
Haka ne, kuma harsashi ne mai kyau. Otto Bock ne ya tsara shi a Berlin a 1905 don ya shiga gidan Mauser 98 na yau da kullum, manoman Turawa a Afirka sun kashe ɓauna da shi ba adadi. Sai dai ka yi lissafi: giren 286, wato giram 18.5, a gudun mita 720 yana ba da jul kusan 4,800. Faɗinsa ya haye 9.2 na Zimbabuwe, ƙarfinsa bai kai 5,300 ba a yawancin harsasan kamfani. A Tanzaniya kuma faɗin ma bai kai ba, .366 ne. Kada a saye ta don ɓauna sai kamfanin farautar ya rubuto cewa za a karɓa a inda za a je.

Barde_01:
Duk wannan lissafi ne kawai. Bell, shahararren maharbin giwa ɗan Birtaniya, ya kashe giwa sama da dubu, mafi yawansu da 7x57. Saiti ne komai.

Sarkin_Baka:
Barde, kowace muhawara sai an jawo Bell. Mutumin nan a farkon ƙarni na 20 ya yi aikinsa, lokacin da ba wannan doka, giwaye ba su san bindiga sosai ba, shi kuma sai da ya tsaga ƙoƙon kan giwa ya ga inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa. Sana'arsa ke nan shekara da shekaru. Yau in ka ɗaga 7x57 a kan giwa ka karya doka, kuma jagoranka ba zai bari ba. Saiti shi ne gaba, na yarda, amma ba shi kaɗai ba ne.

Hajiya_Likita:
Kun yi ta maganar bindiga, ba wanda ya taɓa ƙwayar harsashi, alhali ita kaɗai ce ke taɓa dabbar. Iri biyu ne. Akwai mai buɗewa, akwai dunƙulalle da ba ya buɗewa ko kaɗan.

Ga ɓauna, harbin farko a sa mai buɗewa amma mai tauri, wanda aka manne dalmarsa da rigar jan ƙarfe, ko wanda gaba ɗayansa jan ƙarfe ne. Swift A-Frame, Barnes TSX, Trophy Bonded Bear Claw, Woodleigh na Ostireliya, duk sun yi suna a nan. Mai buɗewa na araha da aka yi don barewa yana tarwatsewa a ƙashin kafaɗa, rigar ta rabu da dalma, ya bar babban rauni a waje bai kai huhu ba. Wannan ita ce ɓauna mafi haɗari, ga ciwo ga ƙarfinta duka.

Dalilin da ba a fara wa da dunƙulalle biyu ne. Raminsa siriri ne, jini ba ya zuba da sauri. Sannan yana ratsa dabbar ya fita, ɓauna kuma cikin garke take, sai ya samu wadda ke bayanta. A ƙa'idar farautar nan, duk dabbar da aka ga jininta an biya kuɗinta, an same ta ko ba a same ta ba.

Bayan na farko, dabba ta juya tana gudu, harsashi zai shiga ta baya ya ratsa tumbi cike da ciyawa kafin ya kai ƙirji. A nan ne dunƙulalle ke aiki. Shi ya sa tsohon tsari shi ne mai buɗewa a sama, dunƙulallu a ƙasa. Jagorori da yawa yanzu suna cewa a cika duka da TSX ko A-Frame. A tambayi wanda za a fita da shi, a bi ra'ayinsa. Giwa kam dunƙulalle ne kawai, kuma mai shafaffen kai ya fi tafiya miƙe a kan mai zagayayyen kai. Damisa akasin haka: fatarta ba kauri, jikinta bai cika wuce kilo 80 ba, tana son wanda ke buɗewa da wuri.

MaiSakata98:
Allah ya saka, Hajiya. In ƙara: lallai a gwada cewa mai buɗewa da dunƙulalle suna sauka wuri ɗaya a mita 100. Nauyi ɗaya ba ya nufin wuri ɗaya. In tazararsu ta wuce santimita 5, a canza ɗaya daga ciki.

Kanki:
Hajiya, a ina ake sa harsashin a jikin ɓaunar?

Hajiya_Likita:
In ta ba ka gefe sosai, ka bi ƙafar gaba ka hau, ka tsaya a kashi ɗaya cikin uku na kaurin jiki daga ƙasa. Saman zuciya da manyan jijiyoyin jini suna nan, huhu biyu sun kewaye su. Kuskuren da aka fi yi shi ne harbi can baya da kafaɗa kamar yadda ake yi wa barewar Turai ko Amurka. Dabbobin Afirka kayan ƙirjinsu sun fi matsowa gaba, tumbi ya cinye sauran. Tafin hannu biyu baya da layin ƙafa, ka shiga tumbi. In ta ɗan karkata, ka manta da fatar da kake gani, ka nufi ƙafar gaba ta ɗaya gefen. In ta fuskance ka kai a ɗage, tsakiyar ƙirji inda wuya ya haɗu da shi, amma wannan harbi ne mai ƙunci, ɗan kaucewa kaɗan harsashi ya bi tsakanin kafaɗa da haƙarƙari bai shiga ciki ba. Baƙo ya fi kyau ya jira ta juya.

Dan_Baushe:
Mu koma kan mai baki biyu da ya tambaya. Ni ina ganin ba abin da ya kai ta a cikin duhuwa. Harbi biyu ba jan sakata, kunama biyu, kowane baki da nasa kayan aiki, ɗaya ya ƙi ɗaya na nan.

Injiniya_B:
Duk gaskiya ne, ga sauran labarin. Bututu biyun an haɗa su ne da hannu, ana gyarawa ana harbawa har sai sun sauka kusa da juna a tazara ɗaya, galibi mita 50, da nauyin ƙwaya ɗaya da gudu ɗaya. Ka canza harsashi, sai su rabu ko su gicciye. Wannan aikin hannu ne ya sa ko ta Merkel ko Chapuis ko Heym ta ninka mai sakata mai kyau kuɗi sau da yawa, balle ta Holland & Holland ko Westley Richards. .470 Nitro Express tana jefa giren 500 a gudun mita 655, matsinta ƙasa ne ƙwarai, bar 2,700, kwansonta mai leɓe ne don ya fita cikin sauƙi. Ta yaɗu ne bayan Ingila ta hana shigar da harsashin .450 Indiya da Sudan a 1907. Bindiga ce ta mita 70 zuwa ƙasa. Mai tambaya yana son mazo da jakin dawa, wanda zai iya tsayawa a mita 180. Sannan harbi na uku: mai sakata ya riga ya yi shi kafin mai baki biyu ya karya bindiga ya zuba sabbi, sai dai in ya yi atisaye mai yawa.

Barde_01:
Amma dai ta fi kyan gani.

Kanki:
Wannan kam ba gardama, Barde.

MaiSakata98:
Tunda an dawo kan mai sakata, ga abin da za a duba kafin a biya kuɗi, ko .375 ce ko .416.

Na farko yadda take ɗaukar harsashi. Tsarin Mauser 98, da Winchester Model 70 mai ƙugiya, da CZ 550, doguwar ƙugiya ce ke cafke gindin harsashi tun yana tasowa daga gidansa, ba ta saki sai an jefar da kwanso. Ɗaya tsarin, irin na Remington 700, sakata tura harsashin take yi, ƙaramar ƙugiya ba ta kama shi sai an rufe. Matsalar tana zuwa ne in mutum ya firgita: ya tura rabi, ya ja baya, ya sake turawa, sai harsashi biyu su cushe a hanya. Mai doguwar ƙugiya ba ta yin wannan, kuma ta fi ƙarfin zaro kwanson da ya manne. Ba wai mai turawa ba ta aiki ba ce, dubbai sun yi farauta da ita. Amma in sabuwa za a saya, a sayi mai ƙugiya.

Na biyu, kada a yarda da suna. A cika gidan harsashi taf, a ja sakata da ƙarfi da sauri, a sake a hankali, a karkata bindigar gefe, a gwada da dunƙulalle mai shafaffen kai, don shi ne ya fi tokarewa a bakin ɗaki, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu. In ta tokare ko sau ɗaya, a kai wa maƙerin bindiga ya goge hanyar.

Na uku murfin ƙasa na gidan harsashi. A wasu bindigogi shuri yana buɗe shi, harsasai su zube a ƙafarka bayan harbin farko. A gwada da gida cike. In sakatarsa ba ta da ƙarfi a canza sifirin.

Na huɗu ƙota. In ta katako ce, tana buƙatar ƙusoshi biyu na gicciye da ɗan sarari a bayan ƙarfen, in ba haka ba shuri zai tsaga ta ta wuya. Maƙalin igiyar rataya ya zama a jikin bututu, ba a katakon gaba ba, don yana yankar hannun hagu lokacin shuri.

Nauyi da madubi da harsasai: .375 ta kai kilo 4.3 zuwa 4.5, .416 ta kusa 5. Mai sauƙi ta fi daɗin ɗauka, ta fi zafin duka. Bututu santimita 58 zuwa 61 ya isa.

Sarkin_Baka:
Kuma don Allah ban da birkin baki, ƙarfen nan mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin bututu. Yana rage shuri, gaskiya, amma ƙarar tana fita ta gefe, jagora da masu bin sawu kuma a gefenka suke tsaye ba komai a kunnensu. Ana kurmanta mutane da shi. In shuri ya dame ka, ƙara nauyin bindiga, sa roba mai kauri a gindi, ko ka sauko kaliba, wato girman harsashi.

Ummu_Safwan:
Ni tambayata daban ce, ku gafarce ni. Wai har yanzu ana barin wannan farauta? Na ɗauka an hana.

Kanki:
Ya danganta da ƙasa. Kenya ta hana tun 1977. Botswana ta dakatar a 2014 ta dawo da ita a 2019. Zimbabuwe, Namibiya, Tanzaniya, Zambiya, Mozambik, Afirka ta Kudu da Kamaru suna bayar da lasisi, da adadin da hukuma ta ƙayyade wa kowane yanki a shekara. A Zimbabuwe akwai shirin CAMPFIRE da aka tsara don wani kaso na kuɗin ya koma ga al'ummar da ke zaune da dabbobin. Ana jayayya a kan ko kason yana isa inda ya kamata, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Fitar da hauren giwa ko fatar damisa kuma sai da takardun CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da ke fuskantar barazana, wata ƙasar ma ba ta barin a shigo da su ko da takarda.

Gwanki_77:
Mu ɗan dawo, 'yan uwa. In an tsaya a .375 ita kaɗai, ba za ta lalata ƙananan dabbobi ba? Kuma wane madubi?

Sarkin_Baka:
Abin mamaki, ba ta lalata nama kamar ƙananan harsasai masu gudun tsiya. Ƙwaya mai tauri a gudun mita 770 wucewa take yi ta bar rami mai tsabta. Ga gada da makamantanta a sa dunƙulalle, fata ba za ta yage ba. Kada a ɗauki nauyi iri-iri, giren 300 ya yi komai. In ka saita ta tsakiya a mita 100, tana sauka ƙasa da wajen santimita 15 zuwa 18 a mita 200. In ka ɗaga ta santimita 5 a mita 100, za ta dawo tsakiya kusan mita 160, a 200 kuma faɗuwar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. A kwarin Zambezi, inda kurmi ne, saitin mita 100 ya wadatar.

Amfanin bindiga ɗaya shi ne kullum wadda ta dace ce a hannunka. Kana bin sawun jakin dawa da .30-06 sai ga tsohon ɓauna a kwance, ɗaya bindigar tana mota.

Dan_Baushe:
Amfanin biyu kuma, in ɗaya ta lalace akwai wata.

Sarkin_Baka:
In ta ɓauna ce ta lalace, .30-06 ba za ta maye gurbinta ba, aro za a yi a sansani. Madubi na biyu ya fi bindiga ta biyu amfani, don shi ne ya fi saurin mutuwa.

Injiniya_B:
Kan madubi: mai ƙaramin ƙarfin kusanto da abu, 1-6x24 ko 1.5-5x20 ko 1.5-6x42. Ana yawo da shi a mafi ƙanƙantar lamba, in an samu lokaci a ƙara. Wanda ya bar shi a 6 ya haɗu da ɓauna a mita 20, baƙin gashi kawai zai gani, bai san ko kafaɗa ba ce ko cinya. Tazarar ido ta kai santimita 9, in ba haka ba bakin madubin zai sare gira. Layukan ciki masu kauri, ko mai jan ɗigo mai haske, don siririn baƙin layi yana ɓacewa a jikin baƙar dabba a inuwa. A ɗora shi da zobba masu cirewa da hannu, irin na Talley ko Warne, a saita na biyu a nasa zobban a ajiye a jaka. Saitin ƙarfe na kan bututu shi ma a harba shi a mita 50 a tabbatar, da yawa daga masana'anta ado ne kawai. Madubi mai nauyi ya fi wahalar da zobba, shuri yana sa shi zamewa gaba. A ɗiga maganin kulle kusa a kusoshin gindin, a ɗaure daidai awon da kamfani ya faɗa.

MaiSakata98:
Sai atisaye, wanda shi ne zai raba gardamar Sarkin Baka da Dan Baushe ga kowane mutum. A kan tebur a yi saiti kawai, a tashi, don a zaune shuri ya fi ciwo. Sauran duka a tsaye a kan sanduna uku, yadda za a yi a daji: katakon gaba a kan sanduna ba bututu ba, hannun hagu riƙe da shi, ƙafafu a buɗe, jiki ya ɗan rusuna gaba. Kada a wuce manyan harsasai 10 zuwa 15 a zama ɗaya. A cike sauran da .22 da kuma jan kunama a kan harsashin roba, wanda ba ya tashi, a gida.

Gwajin zabura: wani ya cika maka bindiga ba ka gani, wani lokaci ya sa na roba. In ka ja kunama a kan na roba bakin bindiga ya nutsa ƙasa, ka kamu. Gwajin shiri kuma: takarda mai faɗin santimita 20 a mita 75, harbi uku a jere daga sanduna, ana jan sakata bindiga tana kafaɗa, har ƙarshe baya, har ƙarshe gaba. Wanda ya saba da gajeren jan .30-06 yakan tsaya rabin hanya a dogon gida, ya rufe a kan ɗaki wayam. Wanda ya iya sa ukun a takarda da .416, ya tafi da .416. A nemi aron duka biyun a harba kafin a saya.

Dan_Baushe:
Wannan na yarda da shi. Amma ina nan a kan bakata, wanda ya ci gwajin da .416 bai da dalilin sauka.

Barde_01:
.458 Winchester fa? Ba wanda ya ambace ta.

Injiniya_B:
Ta fito a 1956 don ta ba da ƙarfin .470 a bindiga mai sakata mai araha. Kwansonta gajere ne, sai an danne albarushi, kuma harsasan farko da suka daɗe a zafi albarushinsu yakan dunƙule, gudu ya faɗi. Wannan ne ya ɓata mata suna, ya kuma sa Jack Lott ya tsawaita kwanson ya fitar da .458 Lott, mai jefa giren 500 a kusan mita 700. Albarushin yau ya gyara matsalar. Amma duka biyun na jagora ne da mai neman giwa, bayan mita 150 faɗuwa suke yi sosai.

Kanki:
Kada a manta da tafiyar kanta. Jiragen sama kilo 5 na harsashi suke yarda wa fasinja, har da nauyin kwalinsa, a cikin kwalin masana'anta ko akwatin da ya raba su ɗaya-ɗaya. Bindiga a akwati mai tauri mai kwaɗo, ba harsashi a cikinta, kuma a sanar da kamfanin jirgi tun wajen sayen tikiti, don ba kowanne ke ɗauka ba. Harsashin .375 guda 60, a ce 40 masu buɗewa 20 dunƙulallu, bai wuce kilo 3 ba. In an tafi da bindiga biyu, kilo 5 ɗin nan ne za a raba musu.

In za a kwana a Johannesburg ko a karɓi kaya a can, sai an cika fom SAPS 520 na 'yan sandan Afirka ta Kudu, da baƙin biro, kuma ba a sa hannu sai a gaban jami'i. Suna neman shaidar mallaka, izinin fitarwa daga ƙasarka da wasiƙar gayyata daga kamfanin farauta. Ba sa yarda da bindiga biyu masu kaliba ɗaya. Lambar jikin bindiga ta dace da ta takarda harafi da harafi, rubutun gindin kwanso kuma ya dace da na jikin bututu.

Ga wani abin da ke ƙara wa .375 H&H maki: in jakar harsashi ta ɓace a hanya, kusan kowane sansani yana da nata. .375 Ruger ta 2007 ta ɗan fi ta gudu a gajeren gida, amma ba lallai ka samu ko ƙwaya ɗaya a daji ba, kuma ba sa shiga ɗakin juna.

Gwanki_77:
To in wahalar takardu ta yi yawa, aron ta sansani fa?

Sarkin_Baka:
Ana yi, ana biyan haya a kullum da kuɗin kowane harsashi. Sai dai ka tambaya tun kafin ka tashi: wace iri ce, wane madubi, wane harsashi, tsawon ƙota nawa. Ƙotar da ta yi maka gajere tana kawo madubi kusa da ido, doguwa kuma tana maƙalewa a hammata lokacin ɗagawa da sauri. Mai harbi da hagu ya faɗa da wuri. Kuma ko taka ce ko ta aro, ranar farko a je a harba takarda, don jirgi da hanyar mota suna motsa saiti.

MaiSakata98:
Kafin a rufe akwati: kowane harsashin da za a tafi da shi a wuce da shi ta cikin ɗaki sau ɗaya, a filin harbi, baki yana kallon tudun kariya. Ana samun na masana'anta da ba ya rufuwa. A goge man cikin sakata a bar ɗan kaɗan, don mai da ƙura suna zama taɓo, allurar da ke bugun gindin harsashi ta yi sanyin bugu. A liƙa salatif a bakin bututu saboda ƙasa da zanzaro mai gini a rami, iskar gaban harsashi tana fasa shi, ba ya taɓa saiti. Harsasan da suka zauna a ƙasan gida ana harbi a kansu a riƙa duba su, shuri yana tura ƙwayar cikin kwanso in ba a matse bakinsa da kyau ba, matsi kuma ya ƙaru.

Dan_Baushe:
Gwanki, ka tambayi kamfanin ko yankin nasu akwai giwaye mata da yawa. A kwarin Zambezi su ne ke taso wa mutane ana tsakiyar bin ɓauna. In haka ne, ko .375 ɗin ce, a bar dunƙulallu biyu a ƙasan gida, wasu biyar a ɗamara ta gaba inda hannu ke kai wa ba sai an duba ba.

Hajiya_Likita:
A ware su kuma, kada a gauraya a ɗamara. Masu buɗewa a dama, dunƙulallu a hagu, ko a shafa wa gindin dunƙulallun jan fenti.

Gwanki_77:
Na gode, duk na rubuta. Za a nemi aron biyun a yi gwajin takardar MaiSakata. Injiniya, tsakanin Model 70 da tsohuwar CZ 550 ta hannu, wacce ta fi ɗaukar harsashi da yawa a .375?

Injiniya_B:
CZ ɗin, biyar take ci a gida, Model 70 uku. Amma CZ ta fi nauyi da kaurin ƙota, kuma sau da yawa sakatarta tana son a goge ta kafin ta yi santsi. In ta hannu ce, a cire ƙarfen daga katako a duba tsaga a bayan gidan harsashi kafin a yi ciniki.